Kujera, ta mai walda ko ta gwanjo: wace tirelar keke ce ta dace da yara a Jos?

Ranar da na fara fitowa da tirelar yara a bayan kekena, yaran layinmu sai da suka raka ni har bakin titi suna ihu, wai ga ɗan Keke Napep. Wani dattijo da ke zaune a ƙofar shagonsa ya ce, "Malam, mutanen 'Yan Tirela sun san da zamanka kuwa? Maza je ka yanki kati." Aka kwashe da dariya. Amma tun daga ranar da wuya mako ya wuce wani magidanci bai tare ni ba: ina na samo ta, nawa ta ci, mai walda zai iya haɗa masa irinta? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane suka karkaɗe kekunan da suka jingine, kuma kuɗin Napep na kai yara biyu makaranta da ɗauko su ya zama abin da ake zama a lissafa da biro. Amsar ba ta yiwuwa a tsaye a bakin titi, shi ya sa na rubuto ta.

Abin da nake kira tirela ɗan amalanke ne mai taya biyu, firam ɗinsa na ƙarfe ko alminiyam, an lulluɓe shi da yadi mai kauri kamar tanti. A ciki akwai mazaunin yaro ɗaya ko biyu, kowa da bel ɗinsa. Hannu guda ne ke fitowa daga gabanta ya lanƙwaso ya kama tsakiyar tayar baya ta keke, ta ɓangaren hagu.

Abin da muka gada kowa ya san shi: a ɗora yaro a kan kariya a ce masa riƙe rigata. Ɗan yayata har yau da tabo a diddigensa na hagu, daga ranar da barci ya kwashe shi a bayan keken babansa, ƙafar ta zame cikin wayoyin taya. Keken ko gudu ba ya yi. Wayoyin suka sale fatar diddigen, ya yi makonni ba ya sa takalmi. Ɗan shekara 3 da zarar iska ta fara kaɗa shi sai gyangyaɗi, mai gyangyaɗi kuwa ba ya riƙe rigar kowa. Wannan na cire ta daga lissafi.

Kishiyar tirela ta gaskiya ita ce kujerar roba da ake ɗaurawa bayan sirdi. Mai kyau tana da bel, tana da wurin sa ƙafa mai maɗauri, da shinge tsakanin ƙafar da wayoyi. Ƙa'idar Turai ta irin waɗannan kujeru, EN 14344, ta tsayar da nauyin yaro a kilo 22 ga kujerar baya, kilo 15 ga ƙaramar da ake sawa gaba. Kujera ta fi araha nesa ba kusa ba, ba ta ƙara wa keke faɗi, duk lungun da keke zai shiga za ta shiga, kuma yaro na jikinka, ko tari ya yi ka ji. Aibinta shi ne tsawo. Yaron yana kusan mita guda daga ƙasa, duk motsin da ya yi sai kan keken ya amsa, kuma in keke ya faɗi tare za su faɗi. Lokacin da ta fi ba ni tsoro ma a tsaye ne, sa'ad da ka kafe keken a kan ƙafarsa, yaro na ɗaure a sama, ka juya ka rufe ƙofa.

A tirela yaro na zaune ƙasa-ƙasa cikin keji, taya biyu na riƙe da shi. Na taɓa faɗuwa da ita sau ɗaya. Yashi ne da ruwan sama ya tara a wata kwana, tayar gaba ta shiga ta zame, na tsinci kaina a ƙasa gwiwar wando a yage. Na miƙe a firgice na duba baya, tirela na tsaye a kan tayoyinta kamar ba abin da ya faru. Ƙaramin yana cin biskit ɗinsa, babbar kuma ta leƙo ta raga ta ce, "Abba, me ya sa ka kwanta?" Da a kujera suke, da labarin ya sha bamban.

Sai dai ita ma da nata. Mai ɗaukar yara biyu faɗinta ya kai santimita 80, kai kuma a kan keke ka saba da faɗin kafaɗarka kawai, sai ka manta cewa tayarta ta dama na bin bakin kwata. Gajera ce, direban tifa da ke can sama ko mai Napep da ya kutso ta gefe zai iya ganinka bai ga abin da kake ja ba. Ga hayaƙin salansa daidai tsayin fuskar yaro. Saboda haka tambayar farko da nake yi wa duk wanda ya tare ni ita ce: wace hanya za ka bi? In tafiyarka sai ta ratsa Taminus, ko Bauchi Road, ko shataletalen Farin Gada da safe, ajiye kuɗinka, babu tirelar da aka ƙera don wannan turereniyar. In a cikin Gangare kake ko Anguwan Rogo, inda lungu ke matsewa, kwata a buɗe, mai kura na tahowa kai ma kana tafiya, kujera ta fi maka. Tirela tana son irin titunan Rayfield, da layukan tsohuwar Jiyare, da cikin kwatas-kwatas da rukunin gidaje masu geti, da duk hanyar bayan gari da mota ke wucewa jefi-jefi. Ni tafiyata ba ta kai kilomita 3 ba, kuma wuri ɗaya tak nake tsallaka babban titi. A nan sauka nake in tura.

To, a ce hanyarka ta yarda. Iri uku ne a gabanka, kuma biyu daga ciki na kashe musu kuɗina.

Ta mai walda na fara gwadawa, don ita ce kowa ke fara tunani. Jos ba ta rasa gwanayen walda ba, wanda na kai wa hoto a waya ma aikinsa tsaf, ƙofar gidana shi ya yi. Cikin kwana huɗu ya haɗa ta da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, ya sa tayoyin keken yara, ya kafa benci mai soso, ya shafe ta da koren fenti. Ya buga ta da tafin hannu ya ce, "Oga, wannan ko buhun siminti biyu za ta ɗauka." Gaskiya ya faɗa. Ita kaɗai ba kaya sai da na sa hannu biyu na ɗaga ta. Allah ya taimake ni ban sa yara ba, buhun shinkafa mai kilo 25 na ɗaure a kan bencin na gangara layin bayanmu. A kwana ta biyu, ba wani gudu ba, tayar ciki ta tashi sama, abin ya kife, ya fizgi bayan keken har sai da na dira ƙafa. Da muka tsaya muka duba, dalilai uku ne. Bencin yana saman layin tayoyi, nauyi ya hau sama. Tazarar tayoyin ta yi kaɗan. Sannan mahaɗin: ƙarfe ne falle da noti ɗaya, yana juyawa dama da hagu amma ba ya murɗawa, don haka duk inda keke ya karkata sai ya ja tirelar, ita ma in ta kife sai ta ja keke. Za a iya gyara biyun farko. Na ukun da bel mai aminci su ne ba a bugawa da guduma. Yanzu ita ke ɗauko mana jarkokin ruwa da buhun dankalin Turawa, kuma a wannan aikin ba ta da na biyu.

Iri na biyu su ne masu sauƙin kuɗi da ake odarsu ta intanet, irin su InStep da Schwinn da ɗimbin 'yan Chana marasa sanannen suna. A Amurka yawancinsu ba sa kai dala 200. Firam na ƙarfe, tayoyi galibi inci 16, sau da yawa rim ɗin roba ne, mahaɗin kuma sifirin ne da fil. Mai ɗaukar biyu a cikinsu takan tsaya a kusan kilo 36. Wani abokina yana da ita, na ja ta na gani. Mazauninta yadi ne a rataye kamar lilo, in ka sa yara biyu sai tsakiya ta lotsa su gangaro su haɗe, kafin a kai makaranta an yi faɗa sau biyu. Ƙaramar taya kuma kowane rami sai ta faɗa har ƙasansa. Ban ce shara ce ba. Ga wanda zai zagaya da yara cikin rukunin gidaje mai kwalta ranar Asabar da yamma, ta isa. Amma aikin kullum, safe da rana, a kan jar ƙasa da tsakuwar Jos, araha ba ta ado. In dai ita za ka saya, nemi ɗaya daga lambobi biyu a jikinta ko a takardarta: ASTM F1975, ƙa'idar Amurka ta tirelar keke mai ɗaukar mutum, ko EN 15918 ta Turai. Wadda ba ta da ko ɗaya, ba ta fi ta mai walda da komai ba sai kyan yadi.

Iri na uku su ne na kamfanonin da wannan ce sana'arsu. Burley ta garin Eugene a jihar Oregon ta Amurka tun 1978 take. Thule ta Suwidin ce, ta sayi kamfanin Chariot na Kanada a 2011, shi ya sa za ka ga wasu tsofaffi an rubuta Chariot kawai a jikinsu. Akwai Croozer ta Jamus da Hamax ta Norwe. Abin da ya haɗa su: firam na alminiyam da ya zagaye yaro har saman kai, tayoyi inci 20 masu wayoyi, bel mai kama wuri biyar, wato kafaɗu biyu, ƙugu biyu da tsakanin ƙafafu. A Burley da Thule mai ɗaukar biyu kilo 45 ce iyakarta, mai ɗaukar ɗaya kilo 34. Sabuwa fil kuwa sai mai hali: Burley Bee, wadda ita ce ta ƙasa, tana cin dala ɗari uku da wani abu, Thule Chariot Cross ta haura dala 1,000, kafin kuɗin jirgi da na kwastam. A buga da canjin yau a gani. Shi ya sa mu masu albashi ta gwanjo muke nema, ko cikin kayan da ke shigowa a kwantena tare da kekunan Beljiyam, ko wajen wanda yaransa suka girma.

A cikinsu ma akwai zaɓi, kuma a nan tudun Jos ke sa baki. Bee kusan kilo 10 ce, ba ta da sifirin, ba ta komawa keken turawa, aikinta ɗaya. Chariot Cross mai ɗaukar biyu ta kusa kilo 15, tana da sifirin da ake daidaitawa da nauyin yara, mazauninta na kwantawa in yaro ya yi barci. Burley D'Lite ma tana da sifirin. Thule Coaster XT tana tsakiya, ba sifirin amma tana zuwa da ƙaramar tayar gaba ta turawa. Bambancin kilo 5 a kan takarda ba komai ba ne, a hawan tudu da yara biyu kuwa cinyarka za ta ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya. Ra'ayina: in hanyarka kwalta ce, ɗauki mara nauyi ka rage wa tayoyinta iska kaɗan, su za su sha girgizar. In akwai dogon wuri mara kwalta kuma ƙaraminka bai kai shekara 2 ba, sifirin ya cancanci nauyinsa, don kan ɗan yaro da hula a kai rawa yake kamar ƙwarya a kan ruwa. Sauran tarkacen da ake haɗa wa masu tsada, na tura ta ana gudun motsa jiki da na jan ta a kan dusar ƙanƙara, kada a caje ka ko kwabo a kansu. Duk sanyin Jos bai kai nan ba.

Mahaɗi shi ne inda nake so a tsaya a duba da kyau, don a nan ake cutar masu sayen gwanjo ba tare da mai sayarwa ma ya sani ba. Gida biyu ne. Ɗaya yana bakin hannun tirela: a Burley wata roba ce mai tauri mai tsawon yatsa, tana lanƙwasawa ta kowace fuska, a Thule kuma dunƙulen roba ne kamar ƙwallo. Ɗayan ƙaramin ƙarfe ne da ake kwance notin tayar baya a zura shi a mayar da noti, a kan keke yake zama dindindin. To, Baturen da ya ba da tirelarsa sau da yawa yakan manta wannan ƙarfen a jikin kekensa. Tirela ta iso Jos tsaf, ba abin da za ta kama. Tawa haka ta zo. Mai shagon ya ce, "Alhaji, wannan ai ƙaramin abu ne, mai walda zai buga maka." Na ce a'a, mun gaisa da mai walda. Sai da na jira wani ƙanina da zai dawo daga Ingila ya taho min da shi a aljihun jaka, tare da robar guda ta ajiya. Kafin ka biya, ka ga gida biyun da idonka, ka haɗa su, ka sa fil ɗin ya shiga ya kulle. Lanƙwasa robar ka duba ko ta fara tsatstsagewa. Sannan akwai wata igiya a bakin hannun da ake naɗawa a firam ɗin keke a maƙale, ita ce za ta riƙe tirela in fil ya fita. Wadda igiyarta ta tsinke ko babu, a rage kuɗi a ɗinka sabuwa mai ƙarfi kafin yaro ya shiga. Gwajin ƙarshe mai sauƙi ne: haɗa ta da keke, ka kwantar da keken a ƙasa a hankali, dama sannan hagu. Tayoyin tirela biyu su zauna a ƙasa. In ɗaya ta ɗaga, bar musu kayansu.

A duba keken ma. Tayar baya mai noti ko mai ɗan hannun da ake buɗewa a cire taya, duka suna karɓar ƙarfen nan. Sababbin kekunan hawan dutse masu ƙaton sanda mai kaurin milimita 12 da ke ratsa tsakiyar taya, su sai an sayi sanda ta musamman daidai da keken.

Sauran dubawa a gwanjo ba ta da yawa. Sa hanci a ciki, warin fumfuna ba ya fita. Ja ɗinkin da ke riƙe bel da ƙarfi, ka kulle maɓallin ka buɗe sau da yawa. Ɗaga kowace taya ka juya ta, ka girgiza ta gefe ka ji ko boris ya ci. Yawancin tayoyin da maɓalli ake cire su, ka mayar ka fizga ka tabbatar ta kama. Duba hannun nan, musamman wajen ramukan fil, ko akwai tsaga. Yadin da rana ta cinye yakan yi fari-fari, in ka sa yatsa ya yage kamar takarda. Taya da tiyub kada su dame ka, inci 20 irin na keken yara ne, ana samu a wajen masu kayan keke, kuma bakin iskarsu irin na mota ne. Ka dai tsaya a kan mai faci, don in ka kau da kai zai cika ta tam kamar ta Napep.

Abin da mutane suka fi rainawa shi ne birki. Tirela ba ta da birkin tafiya, nata na ajiyewa ne kawai. Haɗa nauyinta da na yara biyu da jakunkunan makaranta da gorar ruwa, ka kusa kilo 50, buhun siminti guda ke nan yana tura ka daga baya a gangara. Jos kuwa tana kan tudun da ya haura mita 1,200, hanyar da ba hawa to gangara ce. Tsohon Phoenix ko Raleigh mai birkin sanda da rim na ƙarfe, duk ƙaunar da muke yi masa, in ruwan Agusta ya jiƙa rim ɗin sai ka matse ka ji shiru na ɗan lokaci kafin ya kama. Ga shi ba giya, a hawa sai dai ka sauka ka tura. Mai gyaran keken unguwarmu, da na kai masa nawa, ya matsa birkin ya girgiza kai ya ce, "Maigida, da wannan za ka ja 'ya'yan mutane?" Na ce nawa ne. Ya ce, "To na Hajiya ne ai." Ya canza robobin birki da wayoyinsu duka. Keke mai giya da rim na alminiyam, ko mai birkin faifai, shi ne abokin tirela a garin nan, kuma in kuɗinka ba zai kai duka biyu ba, fara da keken. Burley ta ce kada a wuce kilomita 24 a awa a miƙaƙƙen titi mai kyau, a kwana ko hanya mai gargada kuma 8. Wannan takwas ɗin ta fi ashirin da huɗun muhimmanci, don ko tirela mai tsada tana kifewa in taya ɗaya ta hau dutse ana cikin kwana da gudu.

Yanayi kuma ya ɗan bambanta mu da mutanen Abuja. Gaban tirela marufi biyu ne, raga irin ta gidan sauro da leda mai gani. Ragar kullum a rufe take, ko ana zafi, saboda tayar bayan keke tana watso tsakuwa da yashi daidai fuskar yara. Madigadi mai tsawo yana rage wannan sosai. Ledar kuwa ita ce amfaninta ya fi fitowa a nan: safiyar Disamba da Janairu, sanyi na sauka kusa da digiri 10, ga ƙurar hunturu, kai kana zufa a kan feda su kuwa suna zaune ba motsi. Sai an sa musu rigar sanyi da safa an sauke leda. Da damina ma, daga Afrilu zuwa Oktoba, ruwan Jos ba ya sallama, wani lokaci har da ƙanƙara, kuma sau da yawa ni nake isa gida sharkaf su ko ɗigo. Amma da rana tsaka a watan Maris ledar nan tanda ce, a naɗe ta sama. Wanda zai saya ya duba akwai tagar raga a baya ko gefe da iska za ta ratsa. Ɗan'uwana da ke unguwar Gwarinpa a Abuja, inda tituna suka fi namu faɗi da santsi, shi abin da na ce ya fi dubawa ke nan, ya bar zancen sifirin.

Mai ɗaukar ɗaya ko biyu? Kafin ka amsa, ɗauki awo ka auna ƙofar zaurenka. Mai ɗaya takan yi kusan santimita 65, tana shiga ƙofa, tana bin gefen titi ba fargaba. Mai biyu wani gidan sai an cire tayoyi an naɗe ta kullum, abin da zai gundure ka cikin mako guda. Amma gidan Bahaushe da wuya ya tsaya a yaro ɗaya, ga ɗan maƙwabci da za a ce don Allah a rage masa hanya. Ni mai biyu na ɗauka. In yaro ɗaya ne a ciki, takardarta za ta nuna inda zai zauna, wasu tsakiya wasu dama, kuma dama ce ta fi nesa da motoci tunda tun 1972 a hannun dama muke tuƙi. Tuta kuwa a kafa ta hagu, ɓangaren motoci. In tirelar daga Ingila ta fito za ka iya samun tutar a dama, a mayar da ita. In babu tuta, sandar roba mai tsawo da ƙyalle ruwan lemo sun wadatar, haɗe da jar fitila mai ƙyaftawa a baya.

Maganar shekaru ba ta da sassauci. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada a ɗauki yaron da bai cika wata 12 ba a keke, domin wuyansa bai yi ƙwarin ɗaukar hula da girgizar hanya ba. Jariri ya zauna a bayan uwarsa. Daga shekara guda, in yana zama daram da kansa, sai a fara da gajeriyar tafiya. Hular kwano dole ce ko a cikin keji, kuma ta keke mara nauyi daidai kansa, mai lambar ƙa'idar CPSC ta Amurka ko EN 1078 ta Turai. Ta babur ta yi masa nauyi. Masu kyau a cikin tireloli suna da ɗan lotsawa a bayan kai inda ƙeyar hula ke shiga, in babu sai hular ta tura kan yaro gaba haɓa ta taɓa ƙirji. A wannan halin ɗan matashi siriri a bayansa, daga kafaɗa zuwa ƙugu, yana gyarawa. Bel kuma a ja shi har sai yatsa biyu kawai ke shiga. Iyakar sama tana zuwa wajen shekara 5 zuwa 6, ko kilo 22 ga kowane yaro a ma'aunin Thule, ko ranar da hula ta fara taɓa rufi.

Tawa Burley ce tsohuwa, mara sifirin, launinta ya koɗe, ledar gaban tela ya canza min ita da irin ta rumfar Napep. Uwar yaran ta yarda da ita ne bisa sharaɗi ɗaya, kuma a gaban mahaifiyata ta kafa shi don kada in yi gardama: ban da babban titi. Ranar Juma'a da muke zuwa gaida mahaifiyar tawa a Gangare, tirela a zaure take wuni. Ƙaramin ya hau kujerar da har yanzu ban kwance daga keken ba, mu bi ta lunguna, babbar da uwarta su tari Napep, mu haɗu a ƙofar gida.